Yawon mashigin Phang Nga a jirgin ruwa mai gudu: wa ya dace ya hau, kuma yaushe?

Tambaya: Wani Alhaji ɗan kasuwa ya rubuto cewa zai je Bankok sarin kaya a watan Agusta, kuma yana son ya ƙara kwana uku a Phuket tare da maiɗakinsa, da yaransu biyu masu shekara 6 da 10, da mahaifiyarsa wadda ta haura sittin, tana fama da ciwon baya. Ya ga tallan yawon "tsibirin James Bond" a jirgin ruwa mai gudu, wai tsibiri bakwai a yini ɗaya. A cikinsu babu wanda ya iya ruwa. Yana tambaya ko yawon ya cancanci kuɗinsa, ko akwai haɗari, da kuma yadda za su yi da abinci da salla.

Amsa:

Alhaji, wurin ya cancanci gani, wannan babu ja. Amma Hajiya mahaifiyarka kada ta hau jirgin nan mai gudu na haya da ake cika shi da baƙi. Bari in yi maka bayanin dalili, domin idan ka gane yadda jirgin yake tafiya a kan ruwa da yadda tekun wurin yake, sauran shawarar kai da kanka za ka yanke ta.

Wurin da ake tallata maka sunansa mashigin Phang Nga. Yana kudancin Tailan, a tekun Andaman, tsakanin tsibirin Phuket da babban yankin ƙasar. Tun 1981 gwamnati ta mai da kimanin murabba'in kilomita 400 na wurin gandun ƙasa, da tsibirai 42 a ciki. Abin da ke kai mutane can shi ne duwatsun da suka miƙe tsaye daga cikin ruwa kamar an dasa su, kansu lulluɓe da itatuwa. Irin dutsen da ake yin siminti da shi ne, wanda ruwan sama ke cinyewa a hankali, shi ya sa cikinsu duk koguna ne da ramuka. Ruwan teku kuma yana cin gindinsu daidai inda yake cikowa yana janyewa, sai ka ga dutse ƙato a sama, ƙugunsa a tsuke. A arewacin mashigin akwai dajin itatuwan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri, wanda yana cikin mafi girma da suka rage a ƙasar. Wannan daji da kogunan da ke malalowa ta cikinsa su ne suka sa ruwan mashigin kore ne mai ɗan duhu. Na faɗi haka don kada yara su sa rai da ruwan nan garai-garai da ake ganin kifi a ƙasansa kamar na hotunan talla. Wancan sai a wasu tsibiran da ke can cikin teku.

To, jirgin. Wanda ake amfani da shi a wannan yawo yawanci yana da inji biyu ko uku maƙale a baya, kowanne mai ƙarfin doki 200 zuwa 250, yana ɗaukar mutum ashirin da wani abu har zuwa arba'in, kuma yana gudun kilomita 45 zuwa 55 a awa. Idan ya ɗauki gudu, ba ya keta ruwa kamar babban jirgi. Gabansa ɗagawa yake, ya riƙa sulɓi a saman ruwan. In teku a kwance take, daɗin tafiyar ba a magana. In kuwa akwai igiyar ruwa, ko da ba ta kai mita ɗaya ba, sai gaban jirgin ya hau igiya, ya tashi, ya faɗo da ƙarfi a kan ta gaba. Kamar dai mutum ya zauna a bayan a-kori-kura direba ya taka wuta a hanya mai gargada. Wanda ke zaune a gaba jikinsa yakan rabu da kujera, yana saukowa kuma kujerar tana tasowa, su haɗu. Nauyin duk a kan ƙashin baya yake sauka. Likitocin da ke garuruwan yawon buɗe ido na bakin teku sun san wannan rauni sarai: ƙashin gadon baya ne ke motsewa ya tsage, kuma ya fi samun mata masu shekaru, waɗanda ƙashinsu ya fara laushi. Ba sai jirgi ya kife ba, ba sai an yi karo ba. Duka ɗaya ya isa. Shi ya sa kamfanonin da suka san abin da suke yi suke rubutawa a takardarsu cewa ba sa ɗaukar mai juna biyu, da mai ciwon baya ko wuya, da mai ciwon zuciya, da jarirai. Idan ka gaya wa mai sayar da tikiti cewa Hajiya tana da ciwon baya ya ce maka babu komai, to tikitinsa yake son sayarwa, ka bar wurinsa. Haka nan in akwai ko da zaton ciki ga maiɗakinka, hukuncinta ɗaya da na Hajiya.

Watan da ka zaɓa ma yana da nasa. Daga Mayu zuwa Oktoba damina ce a can, iska tana kaɗowa daga kudu maso yamma, tana turo manyan igiyoyi zuwa gaɓar yammacin Phuket. Daga Nuwamba zuwa Afrilu ne teku ke kwantawa. Sa'ar da ka yi ita ce mashigin Phang Nga yana bayan Phuket ta gabas, tsibirin ya tare masa iska, ga shi ruwan ba zurfi, saboda haka ko a Agusta akan samu ranaku masu kyau. Wannan ya bambanta shi da tsibiran Phi Phi, waɗanda za a yi ta tallata maka su a kowace kwana ta titi. Zuwa Phi Phi tsallaka buɗaɗɗiyar teku ce ta kusan kilomita 45, awa guda ana dukan igiya, kuma a Agusta ban yarda ka kai yara can a ƙaramin jirgi ba. Ranar 5 ga Yuli, 2018, wani jirgin yawo mai hawa biyu da ake kira Phoenix ya nutse a kudancin Phuket lokacin da hadari ya taso, mutum 47 suka rasu, 'yan yawo daga ƙasar Sin, alhali hukumar kula da yanayi ta riga ta yi gargaɗi. Wannan babban jirgi ne ma. Don haka ka riƙe wannan: duk ranar da hukumar yanayi ta Tailan ta ce ƙananan jirage su zauna a gaɓa, ku zauna, ko da kamfani ya ce zai fita. Tunda kwana uku gare ka, sa yawon a rana ta farko, don in ruwa ya ɓata ta ka samu ta biyu. Kuma kafin ka biya, a rubuta maka cewa in yanayi ya hana fita za a mayar da kuɗi ko a sauya rana.

Yanzu ga abin da na fi son ka kula da shi, wanda masu talla ba sa ambata ko kaɗan: cikowar teku da janyewarta. A wannan gaɓa ruwa yana cikowa sau biyu, ya janye sau biyu a kowace rana, kuma lokacin yana matsawa gaba da kusan minti 50 kullum. Wata ne ke jan ruwan, saboda haka kalandar Musulunci da ke aljihunka ta isa ta ba ka haske. A farkon wata da kuma tsakiyarsa, wajen 14 zuwa 16, ruwa yana cikowa sosai ya janye sosai, tazarar takan kai kusan mita uku. A wajen 7 da 8, da kuma 22 da 23, tazarar kaɗan ce. Me ya sa wannan ya dame mu? Saboda mafi kyawun abin da ke mashigin nan ba daga waje ake ganinsa ba. A tsibiran Panak da Hong akwai wuraren da rufin kogo ya rufta tun zamanin da, ya bar fili a tsakiyar dutse, bango ya kewaye shi ta ko'ina, sama a buɗe, ƙasa ruwa da itatuwa. Ba a shiga sai ta wani siririn rami a gindin dutsen, a cikin ƙaramin kwale-kwalen roba da ɗan jagora ke tuƙawa da hannu. Wani ramin sai kun kwanta rigingine, rufin yana wucewa dab da hancinku, ga duhu, ga jemagu. In ruwa ya cika da yawa ramin ya toshe. In ya janye da yawa sai taɓo, kwale-kwale ba ya wucewa. Tsakanin nan ne kawai ƙofar ke buɗewa, wani lokaci na ɗan taƙaitaccen lokaci. Da kun fito cikin filin, ƙarar inji ta yanke, sai kukan tsuntsaye da ɗigar ruwa daga duwatsu, ga wasu ƙananan kifaye masu tafiya a kan taɓo da yara ba za su manta da su ba. Wanda ya je Phang Nga bai shiga ɗaya daga cikin waɗannan ba, a ganina rabin kuɗinsa ya ci.

A nan ne gudun jirgin yake da amfani na gaske. Daga tashoshin gabashin Phuket, irin su Ao Po, minti 30 zuwa 45 ya kai ka tsakiyar mashigin, inda babban jirgi zai ci fiye da awa. Wannan rarar lokaci abu biyu take saya: isa bakin kogo daidai lokacin da ruwa ya dace, da kuma riga taron jama'a isa wuraren da ake cunkoso. Kamfanin da ya yi amfani da gudun ta wannan hanya ya san aikinsa. Wanda kuwa ya yi amfani da shi don ya jera maka tsibiri bakwai, abin da za ka samu shi ne minti ashirin a nan, rabin awa a can, hawa da sauka, ɗan jagora yana busa usur. Sauri ya haifi nawa. Tambaya ɗaya za ta raba maka su: ka ce wa mai sayarwa, "Ƙarfe nawa ruwa ke cika ranar, kuma wane tsibiri za mu fara zuwa?" Wanda ya buɗe jadawalin ruwa ya ce maka ranar za a fara da kogo ko za a ƙare da shi saboda kaza, shi ne naka. Wanda ya ce kullum tsarinsu ɗaya ne, ka gode masa ka wuce.

Shi tsibirin James Bond ɗin, sunansa na asali Khao Phing Kan, kuma dutsen da ake ɗauka a hoto, mai kama da ƙusa da aka kafa a ruwa, shi ne Ko Tapu, tsayinsa kimanin mita 20. Wani fim ɗin James Bond da ya fito a 1974 ne ya fito da sunan wurin. Tun 1998 an hana jirage matsawa kusa da dutsen don kada gindinsa ya ƙara cinyewa, saboda haka daga bakin yashi za ku hango shi. Wurin ƙarami ne, rumfunan masu sayar da tsaraba sun cinye rabinsa, kuma daga hantsi zuwa azahar ko wurin tsayawa hoto sai an yi layi. Ku je da sassafe, ku yi hotonku, ku tafi. Kada ku sayi ƙwanson teku ko murjani, kada kuma yara su tsinto su sa a aljihu. Fitar da su daga gandun laifi ne.

Inda nake so ku daɗe shi ne Koh Panyee, kuma shi ne amsar tambayarka ta abinci da salla. Ƙauye ne na Musulmi masunta, mutum dubu ɗaya da ɗaruruwa, an gina shi kacokan a kan turaku a cikin ruwa, a jikin wani ƙaton dutse. Mutanen garin suna ba da tarihin cewa kakanninsu masunta ne da suka taso daga Jawa, a Indunusiya ta yau, fiye da shekara 200 da suka wuce. Tun daga nesa za ka hango ƙubbobin masallacinsu masu ruwan zinariya. Ba a sayar da giya ko naman alade a ƙauyen, abincin kifi ne da jatan lande da shinkafa, kuma kusan duk jiragen yawo a nan suke tsayawa cin abincin rana. Sai dai yawancin baƙi daga gidan abinci sai layin rumfunan tsaraba, sai jirgi. Ku kam ku wuce ciki. Akwai makaranta, akwai shaguna na mutanen gari, akwai filin ƙwallo mai yawo a kan ruwa, wanda asalinsa yaran ƙauyen ne suka haɗa na farko da katakai da tsofaffin alluna bayan sun kalli gasar cin kofin duniya ta 1986. Ka yi wa dattijan da ke bakin masallaci sallama, za ka ga yadda fuska ke sakewa. Ku yi alwala a nan ku haɗa Azahar da La'asar, tunda matafiya ne, domin bayan nan samun wuri mai tsabta da natsuwa zai yi wuya. Ka tuna kuma alƙibla a can yamma take, da ɗan karkata arewa, kada sabo ya juya ka gabas in kun tsaya a wani bakin yashi. Jirgin haya ba zai jira ku idar da salla ba in ba ka gaya wa ɗan jagora tun da safe ba. Da yawa daga matuƙa da ma'aikatan jiragen yankin Musulmi ne, daga tsibiran Yao Noi da Yao Yai da ƙauyukan gabashin Phuket, ba za su yi mamakin buƙatar ba.

Batun rashin iya ruwa. Na san abin da ke ranka, domin duk wanda ya ji labarin jirgin Bagwai a 2021 ko na Patigi a 2023 ba zai taka jirgin ruwa da iyalinsa hankali kwance ba. Abubuwan da ke kashe mutane a irin waɗannan haɗurra sanannu ne: lodi fiye da kima, da rashin rigar ceto. Duka biyun kana iya dubawa da idonka kafin a tashi. Rashin iya ruwa ba ya hana wannan yawo, amma sharaɗinsa rigar ceto a jiki tun daga tasha har dawowa, a ɗaure, ba a rataye a kafaɗa ba. Za ka ga Turawa sun cire tasu da zarar an bar tasha. Kada wannan ya ruɗe ka. Ta yara ita ce abin dubawa. Sa wa yaro, ɗaure duk maɗaurai, sannan ka kama kafaɗun rigar ka ɗaga sama. In ta zamo ta rufe masa kunnuwa, ta yi masa yawa, a cikin ruwa fita zai yi daga cikinta. Ka nemi mai igiyar da ke bi ta tsakanin ƙafafu, musamman ga ɗan shekara shidan. In kamfanin ba shi da ta yara, wannan kaɗai ya isa dalilin fasawa.

Sutura ma a duba ta. A wasu tsibiran babu matakala, jirgi yana tsayawa ne a bakin yashi a sauka ta baya, ta ɗan tsani kusa da injuna, a taka ruwa har gwiwa. Babbar riga da zani da doguwar abaya suna jiƙewa su yi nauyi, suna kuma maƙalewa. Maiɗakinka ta sa wando mai kauri a ciki da riga mai iya gwiwa, hijabin kuma gajere, a tura shi cikin rigar ceto, don iskar gudun jirgi tana fizgar mayafi. Kada kowa ya kusanci bayan jirgi sai an kashe inji. Wurin zama kuwa, ku nemi tsakiya zuwa baya. Akwai ƙara da ɗan warin fetur, amma nan ne jirgi ya fi kwanciya. Kujerun gaba na buɗaɗɗen wuri su ne matasa ke rububi, kuma su ne masu karya baya. Wanda ke yin jiri a mota ya sha maganin tashin zuciya na matafiya rabin awa zuwa awa guda kafin a tashi, ya san kuma yana sa barci. Na yara a tambayi mai kantin magani gwargwadon shekarunsu. A ci abu kaɗan marar maiƙo, a riƙa kallon nesa inda sama ta haɗu da ruwa, a ajiye waya. Birai kuma da za ku gani a wasu tsibiran, kada yara su miƙa musu abinci. Suna cizo, kuma cizon biri yana nufin zuwa asibiti a fara allurar ciwon haukan kare a ranar.

To Hajiya fa, a bar ta a masauki? A'a, akwai hanyar da ta fi mata, kuma ni a ganina ta fi wa kowa a watan Agusta. Ku ɗauki mota daga Phuket ku haye gada zuwa lardin Phang Nga, tafiyar awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi gwargwadon inda kuka sauka, ku je tashar Surakul ko wata daga cikin tashoshin da ke arewacin mashigin. A nan ake hayar dogon kwale-kwalen katako na mutanen wurin, mai rumfa, mai inji da doguwar sanda a baya. Ku ɗauki guda ku kaɗai. Hanyarsa ta cikin dajin nan na ruwan gishiri take bi, inda ruwa yake kwance kamar a kogi, ya ratsa da ku ta kogon Tham Lot, ya wuce ta gindin Khao Khian inda akwai zanen mutanen da a jikin dutse, na kifaye da mutane da dabbobi, da aka ƙiyasta ya kai shekara 3,000, sannan Koh Panyee da Khao Phing Kan. Injinsa yana da ƙara, kujerunsa katako ne, don haka a tafi wa Hajiya da matashi, a kuma riƙe ta sosai wajen hawa da sauka. Amma babu dukan igiya, kuma lokaci naku ne: in kun so ku yi awa biyu a Koh Panyee, babu mai busa muku usur. Shiga kogo a kwale-kwalen roba, wanda sai an kwanta an tashi, ku bar wa kanku da yara, Hajiya ta jira a inuwa. In kuma hawa kwale-kwalen ma ya yi mata wuya, akwai tudun Samet Nangshe a wannan yankin, inda ake hango duwatsun mashigin jere daga sama, ana kai mutane da mota.

In kuwa ranka ya biya sai mai gudun, to kai da maiɗakinka da yara ku hau, a ranar da teku ta kwanta, da kamfanin da ke tashi da sassafe kuma ba ya cika jirgi. Ka nemi ganin lambar lasisinsu ta hukumar yawon buɗe ido, ka tabbatar an rubuta sunan kowannenku a takardar inshora kafin a tashi, ka kuma tambaya ko kuɗin shiga gandun yana cikin farashin, domin baƙi suna biyan nasu dabam kuma wasu masu arha sai an isa suke faɗa. Man kariya daga zafin rana da za ku shafa ma a duba kwalinsa: tun 2021 Tailan ta haramta masu sinadarin oxybenzone da octinoxate da wasu biyu a gandayenta na ruwa saboda suna kashe murjani, tarar tana iya kaiwa baht 100,000 na kuɗin ƙasar. Ka adana lambobi biyu a wayarka da ta maiɗakinka, 1155 ta 'yan sandan masu yawon buɗe ido, da 1669 ta motar asibiti. Allah ya kai ku lafiya, ya ƙara wa Hajiya sauƙi.